Ɗakin Amarya: A Miƙa wa Mai Ado Makulli ko a Bar wa 'Yan Jere?

Muhawarar ta tashi ne a zauren WhatsApp na wani dangi a garin Bauchi, ana shirin bikin 'yarsu. Auta ne ya turo guntun bidiyo na wani shirin talabijin na Amurka da ake gyara wa mutane ɗakuna, ya ɗora nasa ra'ayin a kai.

Auta: Salamu alaikum. Don Allah kowa ya kalli wannan. Sunan shirin Trading Spaces, tashar TLC ta fara nuna shi a 2000, su ma daga Changing Rooms na BBC suka kwaikwayo, wanda aka fara a Ingila a 1996. A wancan lokacin maƙwabta biyu ne suke musayar makulli, kowa ya gyara ɗaki ɗaya a gidan ɗan'uwansa. Kwana biyu kacal, dala 1,000 kowane ɗaki, ga mai tsara ado ga kafinta. Mai ɗaki ba ya ganin komai sai an gama, a shigo da shi ido rufe. Ni a ganina haka ya kamata a yi wa ɗakin Amarya. A nemo ƙwararren mai ado, a ba shi kuɗi da makulli, kowa ya cire hannunsa, har ita kanta. Mutum bai san abin da yake so ba sai wanda ya sani ya nuna masa.

Goggo: Wa'alaikumus salam. Auta, mene ne wannan a jikin bango? Idona ne ko ciyawa nake gani?

Auta: Ciyawa ce Goggo, busasshiya, da gam aka manna ta. Salo ne.

Goggo: Inna lillahi. A falon mutane? To in akwai yaro mai rarrafe fa, ya tsinko ya kai baki? Ƙura fa, wa zai kakkaɓe? Kyankyaso da gizo-gizo sun sami mazauni. Ko wani ya gitta da kaskon turaren wuta, ai sai dai a ce Allah ya kiyaye. Wannan ne kake so a yi wa 'yata?

Auta: Ba ciyawar nake cewa a sa ba Goggo. Ƙarfin halin nake nufi. Mu nan duk gidan amaryar da ka shiga, daga Fadamar Mada har Yalwa, ɗaki ɗaya ne kake ta maimaita gani.

Adda: Na kalli shirin nan sosai, kuma Auta ka zaɓo abin da ya yi maka ne ka turo. Akwai wanda aka kafe kujeru da tebur a jikin silin, ɗakin ya koma kife. Akwai matar da ta roƙa kada a taɓa mata murhun ɗumama falonta, aka rufe shi da katako. Da ta buɗe ido sai ta fice daga ɗakin, makirufo na jikinta, duniya na jin kukanta. Wallahi ranar har raina na ji. Ta faɗi abu ɗaya tak da ba ta so, shi aka yi mata, kuma aka nuna wa jama'a. Masu shirin abin da zai sa a yi ta magana suke nema, shi ke kawo 'yan kallo. Ita kuwa a gidan za ta kwana.

Baffa Kafinta: Ku bar ni in yi magana a kan abin da na sani. Ɗana Auta, aikin kwana biyu ba aiki ba ne, kwalliya ce. Bango sai an kankare, an cike ramuka, ya bushe, an goge, sannan a yi fenti hannu na farko, a jira, a yi na biyu. Kowanne da lokacinsa. Wanda aka ce ya gama cikin kwana biyu dole ya yi tsallake, kuma inda ya tsallake nan ne zai fara ɓarewa. Haka katako. Yawancin kayan da ake haɗawa cikin gaggawa allon MDF ne, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse. A ido sumul, yana shan fenti da kyau. Amma a goge ƙasa da ruwa ya taɓa gindinsa sau kaɗan, za ka ga ya kumbura yana marmashewa, kusa ba ta ƙara kama shi. Ko makon jiya an kawo min ƙofar wadirof shago, gindin ya buɗe, da yatsa nake gutsurar shi, kuma amaryar ba ta haihu ba tukuna. Gadon madaci kuwa uwa ta kwana a kai ta ba 'yarta. Mai kyamara ranar buɗe ido yake zuwa, ba ya dawowa bayan damina ya ga yadda ɗakin ya koma.

Auta: Baffa ai wannan matsalar kayan aiki ce, ba ta tsari ba. A ba mai adon wata guda, a saya masa madaci.

Hamma Injiniya: Ni ina tare da Auta a rabin maganarsa. Sani yana da amfani, kada mu raina shi. Dubi abin da muke yi wa kanmu a garin nan. Ɗakin da tsayinsa bai kai ƙafa 10 ba sai a sauko da silin POP hawa biyu, a jera ƙananan fitilu, fanka ta dawo dab da kai. A shafa fenti mai duhu don an gani a waya. A rufe taga ɗaya da wadirof, ɗayar kuma a sa mata labule mai nauyi hawa uku. Sai watan Maris da Afrilu su zo, zafi ya doshi digiri 40, a ɗauke wuta, mutum ya kwashi tabarma ya koma tsakar gida. Wanda ya karanci abin zai ce maka a bar taga biyu suna kallon juna iska ta ratsa, a yi fenti mai haske don da rana ba sai an kunna fitila ba. Kuma ba daga Turai muka fara jin wannan ba. Duk wanda ya je Kafin Madaki ya shiga Gidan Madakin Bauchi, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen 1860, ya ga kaurin bango da tsayin soro da ɗaurin guga, zai gane magabatanmu da zafi suka yi shawara kafin su aza tubali. Inda na rabu da Auta shi ne cewa a hana mai ɗaki magana. Ƙwararre na gaskiya da tambaya yake farawa: mutum nawa ne a gidan, ina ake cin abinci, ana yawan baƙi, me ake yi a ɗakin da rana. Wanda bai tambaya ba, ɗakin kansa yake tsarawa da kuɗinka.

Goggo: Yawwa Injiniya. Kuma Auta, wannan rufe ido da kake ta yabo, ai mu muka riga su. Wace amarya ce take zuwa jerenta? Mu ne muke tafiya tun safe da tsintsiya da bokiti, mu share, mu wanke, mu kafa gado, mu ɗaura labule, mu jera kwanuka, mu turare ɗakin. Ita sai dare a kawo ta a lulluɓe, sai ta ɗaga mayafi ta ga ɗakinta. Amma mu mun san ta tun tana goye. Idan na shiga ɗakin amarya abin da nake fara tambaya ina alƙibla, don in bar mata wurin shimfiɗa sallaya ba tare da ta ja kujera ba. Sannan in tsaya a bakin ƙofa in duba, in mutum ya yi sallama aka ɗaga labule, gado ne zai fara gani? In haka ne a juya shi. Sannan in tuna ranar buɗar kai da ranar suna, mata za su cika ɗakin nan, a ƙasa za su zauna da 'ya'yansu, ina za su miƙe ƙafa? Wannan mai adon naka da ya zo da hoto a waya, ya san da wannan?

Auta: Goggo ki gafarce ni, amma tunda kin kawo maganar jere bari in faɗi gaskiya. Jeren ma ba don amarya ake yin sa ba, don 'yan ganin ɗaki ake yi. Ɗaki ƙafa 12 da 12, a cusa kujeru saiti guda, tebur na tsakiya, ƙananan tebura, shogilas cike da farantan da har abada ba za a ci abinci a cikinsu ba. Me ya sa? Kada dangin miji su raina mu. Uba ya sayar da fili ko ya ci bashi don a ce an yi wa wance kaya. To mene ne bambancinmu da masu talabijin? Su don 'yan kallo, mu ma don 'yan kallo. Ita mai ɗakin ba wanda ya tambaye ta a duka biyun.

Adda: Nan kam Auta ya faɗi gaskiya, Goggo ki yi haƙuri. Ni aka yi wa. Kun yi min jere na gani na faɗa, Allah ya saka da alheri, amma ƙofar wadirof ɗina ba ta buɗuwa gaba ɗaya saboda gado ya tokare ta. A karkace nake zura hannu in zaro zani. In zan yi shara sai na jira maigidan ya dawo mu ɗaga kujera. Ina da tsohon ciki ina ratsawa tsakanin tebur da kujera a gefe-gefe. Kuma kunya ta hana ni cewa a rage, kada a ce na raina abin da iyaye suka yi. Sai da na yi arba'in na sayar da kujera mai cin mutum uku, ranar na fara jin daɗin ɗakin.

Goggo: To ai da kin faɗa.

Adda: Wa ya tambaye ni, Goggo?

Kawu: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Abu biyu zan ce. Kayan ɗaki da iyaye suka yi wa 'yarsu mallakarta ne, ba na miji ba, ba na dangi ba. Bai dace a kashe dukiyar mutum a kan abin da ba a ji ta bakinsa ba, ko mai ado ne ya yi ko gwaggwanni. Na biyu, addini ya hana almubazzaranci, kuma cin bashi don burge 'yan kallo yana ciki. Yarinyar nan tana cikin zauren nan tana karantawa. Ke 'yata, ba rashin kunya ba ne, ni na ce ki yi magana.

Amarya: Kawu ina wuni. Goggo, Baffa, ku yi haƙuri. Ni dai abin da ya fi damuna keken ɗinkina. Ina da masu kawo min ɗinki kuma ba na so in bari. Ina so a bar min wuri kusa da taga inda haske yake, da soket a gefen, da ɗan kanta na ajiye yadi da zare. Ba na son kafet mai rufe ɗaki duka, kun san yadda ƙirjina yake yi da hunturu in ƙura ta taso. Tayil ya ishe ni da ƙaramar darduma da zan iya fitarwa in kakkaɓe. Fenti fari ko ruwan madara. Kujeru ba sai saiti ba. Sannan in Inna za ta ba ni kwallayen nan nata guda uku masu zanen fure da ke kan sif ɗinta, ina so ƙwarai.

Hamma Injiniya: Kun ji ko? Keken ɗinki. Duk cikinmu nan ba wanda ya tuna da shi, kuma shi ne zai yanke inda gado zai zauna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Auta: Na ji, kuma keken hujja ce. Amma ban sauka daga maganata duka ba. Yanzu ta faɗi buƙata, saura kyau. In aka bar mata zaɓin labule da gado, Instagram za ta shiga ta kwaso ruwan toka da ruwan gwal irin na kowa. Buƙata tata ce, ido kuma na wanda ya koya ne. Ita ta lissafa abin da ba ta so, mai ado ya yi sauran, ta zo ta gani.

Adda: Matar da ta yi kuka a shirin naka ita ma ta lissafa abin da ba ta so.

Auta: Wancan don talabijin ne Adda. Wanda muka biya da kuɗinmu ba zai yi haka ba.

Amarya: Auta, in ruwan tokar nake so fa? Ni zan farka in gan shi kullum. Ya zo ya ba ni shawara, ya nuna min hoto, in ce e ko a'a. Amma kada a rufe min ido.

Baffa Kafinta: Duk wannan surutu ba wanda ya faɗa min girman ɗakin. Auta, gobe bayan Azahar ka biyo shago ka karɓi tef, ka je gidan ka auno min tsawo da faɗi, faɗin ƙofa, da nisan kowace taga daga kusurwa da kuma daga ƙasa. Ka duba inda soket yake. Kada wanda ya je kasuwar Wunti ko wani wuri ya ba da kuɗin gado sai na ga awon nan. Ke kuma 'yata ki auno min teburin kekenki.

Amarya: To Baffa, zan turo da daddare in sha Allah.

Goggo: Ku auna duk abin da za ku auna. Kujeru na yarda a rage, kafet ma a bari tunda lafiyarta ce. Amma shogilas sai an sa, ko ƙarami ne, a nan kwallayen za su zauna. Kuma ranar jere ba wani namiji mai ado da zai shigar mana ɗaki, ya gama nasa tun ana jibi ya ba mu wuri.

Auta: Akwai mata masu yin aikin ai, Goggo.

Goggo: To a kawo ta gidana mu gaisa tukuna, in ji abin da za ta tambayi yarinyar.