Wa Ya Fi Wa a Makaɗan Rok na Birtaniya?

Bakano Mai Faifai:
Salamu alaikum. Jiya mun kusa raba gari da Bazazzagi a kan wannan magana, shi ya sa na kawo ta gaban jama'a. Sharaɗi ɗaya ne: ba a amsawa sai da baiti. Na buɗe da ƙwar huɗu, amsa-amo "ba".

Na ɗaya Beatles, babu tantama,
Yaran Libaful da suka kai sama,
Daga ramin kulob ɗin Cavern suka yi girma,
Ba gadon sarauta suka ci ba.

Sun sha wuya a Hambug tun da fari,
Kiɗan dare har wayewar gari,
Can suka koyi sana'a da tsari,
Ba a aji aka koya musu ba.

A 1964, zuwa Amurka, suka haye teku,
Mutum miliyan 73, in faɗa muku,
Suka kalle su a talabijin, ina naku?
Ban ga wanda ya ja haka ba.

Lennon da McCartney na rubutawa,
Harrison na gefe yana ƙarawa,
Ringo na baya yana bugawa,
Ba a taɓa rasa sabon salo ba.

Bazazzagi:
Kun ji Bakano ko? Komai nasa ciniki, har kiɗa sai ya ƙirga kawuna.

Ka zo da lissafi irin na kasuwa,
Kiɗa ba buhun gyaɗa ba ne na aunawa,
Naka a 1970 suka yi watsewa,
Ko talatin ɗayansu bai cika ba.

Tun 1966 suka daina yawon fage,
Ihun 'yan mata ya sa suka noƙe,
Suka shige ɗakin ɗaukar sauti suka rufe,
Ban san makaɗi mai gudun taro ba.

Rolling Stones nake yi wa kirari,
Tun 1962 suke cin gari,
A tashar jirgin Dartford Jagger da Richards suka ƙulla shiri,
Har yau igiyar ba ta tsinke ba.

Jagger ya haura tamanin da haihuwa,
Har yanzu a dandali yana girgizawa,
Habana ta Kyuba ta gani a 2016, kyauta kuwa,
Ba a karɓi sisin kowa ba.

Gwaggo Ta-Damagaram:
Ni ba zan bi "ba" ɗinku ba, 'ya'yan nan. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ku sassauta murya, ku ba ni hanya,
Kun manta Queen kuna ta hayaniya.

Freddie a Zanzibar aka yanke masa cibiya,
A 1946, ku duba ku ga gaskiya.

Ran 13 ga Yulin 1985 aka yi gayya,
A Wembley, don yunwar da ta ci Itofiya.

Minti ashirin aka ba su da 'yar ɗoriya,
Ya yi kira, dubu 72 suka amsa murya ɗaya.

Filin ƙwallo kaf ya koma 'yan amshi baki ɗaya,
Wanda ya taɓa yin haka a naku, ya kawo shaida ɗaya.

Brian May da mahaifinsa suka sassaƙa garaya,
Da tsohon katakon bakin murhu, yau ta zaga duniya.

Kuma ba kiɗa kaɗai ba, ku tambaya,
Dakta ne a ilimin taurarin samaniya.

Bakano Mai Faifai:
Gwaggo, Allah ya ja da rai. Amma Habasha muka sani, kin ce Itofiya ne don amsa-amo ya zauna. Kuma jita ce kika mayar garaya, na gani na yi shiru.

Autan Majalisa:
Gwaggo ina wuni, Yaya a yi mini afuwa,
Duk tsofaffi kuke ta lissafawa,
Oasis na Mancesta nake kawowa,
Knebworth 1996, mutum dubu 250 a dare biyu, ba ku gani ba?

Bakano Mai Faifai:
Auta, layinka na ƙarshe ya yi tsawon layin mai. Ga amsarka:

Liam da Noel na Oasis, ciki ɗaya, nono ɗaya,
A Faris a 2009 suka juya wa juna baya,
Sai 2025 a Kadif suka dawo hanya,
Shekara 16 ba su hau dandali tare ba.

Askin kansu na Beatles ne, duba,
Har salon waƙar can suka ɗiba,
Ɗa ya ari babbar rigar uba,
Hannunsa bai fito ta hannun riga ba.

Sarkin Kiɗa:
Na yi ta karatu ina girgiza kai. Da ƙwar biyar zan shigo.

Ni jikan makaɗi ne, na san aiki,
A gidanmu kalangu ke buɗe biki,
Kun yabi murya da jita da kyan jiki,
Kun bar jaki kuna ta dukan taiki,
Ba wanda ya tambayi mai ganga.

Led Zeppelin nake nufi, ku riƙe,
A 1968 Page ya haɗa su suka miƙe,
Plant na kururuwa, Jones a gefe a fake,
Bonham in ya buga sai ƙasa ta farke,
Kai ka ce aradu ce ta faɗa ganga.

Da ajali ya zo masa a 1980,
Sauran ukun suka rufe littafin,
Ba su ɗauko ɗan haya ya gaji gurbin,
A Landan a 2007 ɗansa Jason aka ba wurin,
Jini ne ya zauna a bayan ganga.

Stones kuwa, mai gangarsu Charlie Watts na kwanta dama,
A 2021, kwana arba'in ba a gama,
Suka hau dandali a Amurka suna hidima,
Bazazzagi, wannan kake kira girma?
An sauya mutum kamar fatar ganga.

Ginger Baker na Cream ku tuna da shi,
Ya keta Sahara da mota, rairayi bai tare shi,
Ya zauna Legas, Fela ya karɓe shi,
A Ikeja ya kafa ɗakin ɗaukar sautinshi,
Ya san inda aka binne cibiyar ganga.

Bazazzagi:
Ranka ya daɗe, wannan ta shige ni. Amma a ji ta bakina.

Watts da bakinsa, tun yana jinya,
Ya ce Steve Jordan ya riƙe masa hanya,
Cika wasiyya suka yi, ba cin amana ko ɗaya,
Ba bayan idonsa aka naɗa wani ba.

Stones ba su ɓoye inda suka sha ruwa,
Sunansu daga waƙar Muddy Waters suka ɗaukowa,
Zeppelin naka sai da Willie Dixon ya kai ƙara, aka yi sasantawa,
Kafin nan ba su sa sunan mai kaya ba.

Bakano Mai Faifai:
In zuwa Legas ne abin tinƙaho,
McCartney ma ya zo a 1973, ba da ƙaho,
Ya ɗauki faifai a Apapa, ina mai musu, oho,
Baker bai fi shi sanin hanya ba.

Gwaggo Ta-Damagaram:
Da ƙungiyarsa Wings ya zo, Beatles ta riga ta zama tarihin jiya,
Ɓarayi suka tare shi da wuƙa a kan hanya.

Fela ya ce satar kiɗanmu ya kawo shi Najeriya,
Sai da ya kunna masa faifan kafin ya sauke zuciya.

Kuma "oho" ɗin nan naka, Bakano, cikon baiti ne. Ni ma na gani.

Baƙon Bamingam:
Shekarata tara a garin nan, ba zan bari a tashi ba a ambaci 'yan unguwa ba.

Black Sabbath 'yan Aston, 'ya'yan masana'anta,
Injin ƙarfe ya datse wa Iommi kan 'yan yatsu, bai huta,
Ya yi musu hular roba, ya sassauta tsirkiyar jita,
Nauyin sautin nan ba daga banza ya zo ba.

Ran 5 ga Yulin 2025 a Villa Park aka taru,
Mawaƙinsu Ozzy na zaune a kujera, ƙafafu sun gaza, murya ta ɗauru,
Kwana 17 tsakani mai aukuwa ta faru,
Bai tafi bai yi wa garinsu sallama ba.

Autan Majalisa:
To Pink Floyd fa? Ba mai so?

Sarkin Kiɗa:
Waɗanda suka je kufan Pompeii a 1971,
Suka yi wa kujerun dutse wasa, ba mutum ko ɗaya,
Waters da Gilmour kuma rigima ta kai ga lauya,
A ba su na biyar, Auta, ka bar tambaya,
Su ma Mason ne ya riƙe musu ganga.

Bakano Mai Faifai:
Tunda ni na buɗe, ni zan jera.

Beatles, Zeppelin, sai Queen ta uku,
Stones na huɗu, ku yi haƙuri da rabonku,
Floyd, Sabbath, Auta a ajiye naku,
Ban ce a ɗaukaka ƙara ba.

Bazazzagi:
Mai ƙara ya zama alƙali, a ina aka taɓa?
Na huɗu? Bakano, Allah ya isa ban ce ba,
Amma faifan Stones da ka ara tun bara ka duba,
Har yau ba ka dawo mini da shi ba.