Kafet bango zuwa bango: na'urar gwiwa kaɗai za ta wadatar?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Zan shimfiɗa kafet a falo, tsawo mita 6, faɗi mita 4, ƙasan siminti ne. Na riga na kafa katakon nan mai ƙusoshi a gefe-gefe, na sa soson ƙasa. Ja kawai ya rage. Abokina ya ara min ƙaramar na'urar da ake bugawa da gwiwa. Ita kaɗai za ta isa, ko dole sai na yi hayar babbar mai dogon bututu da ake tokarewa da bango? Asabar nake son gamawa, kayan falon duk suna jibge a ɗakin yara.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, ka sa tayil mana ka huta. Kafet ai gidan ƙura ne.

Baban Yara: Ɗan Auta, kafet ɗin yana nan a naɗe a bakin ƙofa, an wuce wurin.

Uwargida: Malam, don Allah kada ka yarda da ta gwiwa kaɗai. Ni na gani a gidana. Wanda ya shimfiɗa mana da ita kawai ya zo, cikin awa biyu ya gama, har muna yaba masa sauri. Ranar kafet ɗin sumul kamar an goge. Wata biyar ba ta cika ba tudu ya taso a tsakiyar falo, dogo, daga ƙofa zuwa wajen taga. Ana takawa ya kwanta, ana ɗaga ƙafa ya miƙe. Mahaifiyata ta zo kwana biyu, ta fito da asuba, ƙafarta ta harɗe a wurin ta faɗi a kan hannunta. Sati shida hannun yana ɗaure. Da na kira mutumin sai ya ce wai jan kujeru muke yi, daga baya ma ya daina ɗaukar waya. Masu sayar da kafet ɗin kuma suka nuna min a takardar garanti cewa in ba a ja shi da babbar na'ura ba, babu ruwansu. Sai da muka sake fitar da komai waje muka kira wani. Ina tsaye ya ja, ya yanke abin da ya yi saura a jikin bango, faɗinsa ya kai yatsu huɗu. Amma inda tudun ya daɗe bayan kafet ɗin ya riga ya karye, layin yana nan har yau, kullum sai idona ya kai kansa.

Abu Hanif: Allah ya ƙara wa Mama lafiya, Hajiya. Amma ni da ta gwiwa na yi ɗakin kwanana, shekara huɗu ke nan ko yamutsa babu. Kuma hayar babbar ba ƙaramin kuɗi ba ne, da na tambaya ya kusa ladan ma'aikaci.

Uwargida: Amin. Mu kuwa da muka tambaya ko rabin ladan bai kai ba.

Mai Shimfiɗa: Ƙanena Abu Hanif, ɗakinka mita nawa ne? Na fi shekara 20 a wannan sana'a. Aikin ta gwiwa shi ne daidaita kafet, da maƙala shi a kan ƙusoshi, da shiga lungu da matattakala. Abin da ke kusa da haƙoranta kawai take ja, tsakiyar ɗaki bai san ana yi ba. Ƙa'idar masu kafet ta Amurka ta ce a miƙa shi kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100, tsawo da faɗi. A falon Baban Yara santimita 6 zuwa 9 ke nan a tsawo, 4 zuwa 6 a faɗi. Wace gwiwa ce za ta ba ka wannan? Babbar kuwa gindinta ka tokare da bango, ka sa falankin katako a tsakani don kada bangon ya fashe, ka dasa haƙoran a ɗaya gefen, ka danna hannun a hankali. Ka warware kafet ɗin ya kwana a ɗakin aƙalla awa 24 kafin nan, mai sanyi ba ya miƙuwa.

Abu Hanif: Mita 3 da 3 ne. Amma Baba, ku masu sana'a ai dole ku ce abin da wuya, don a kira ku.

Mai Shimfiɗa: Ban ce ya kira kowa ba, na ce ya yi haya. Gwiwata ta dama sau biyu ana zuƙe mata ruwa saboda wannan ƙaramar na'urar. Tun 1990 hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi kan gwiwoyin masu shimfiɗa kafet.

Ɗan Auta: To Yaya Abu Hanif ya zo ya buga maka mana, tunda gwiwar ɗan ƙwallo gare shi 😂

Maman Biyu: Ni abin da ke ci min rai da masu shimfiɗar nan ƙofa ne. An sa mana soso mai kauri, suna tafiya ƙofar ɗaki ta ƙi buɗuwa sai da ƙarfi. Suka ce rage ƙofa aikin kafinta ne. To me ya hana su faɗa tun farko?

Uwargida: Wallahi haka suke. Namu har ragowar kafet ɗin ya kwashe, wanda da shi za a yi faci in wani wuri ya ƙone.

Mai Shimfiɗa: Ragowar ta mai gida ce, Hajiya, wannan bai kyauta ba. Ƙofa kuwa kafin a fara ake cire ta a auna.

Baban Yara: Na gode kwarai, zan yi hayar babbar. Amma Baba, ɗaya gefen falon ƙofar gilashi ce kusan duka. A ina zan tokare?

Maman Biyu: Mu ma ta gilashin ce ta fi ba mu wahala, har yanzu ƙasanta yana gogar kafet.