Soda za ta ci cokali? Gardamar zauren 'yan gida

Ango: Assalamu alaikum jama'ar gida. Matsala ce ta same mu a kicin ɗin amarya. Shekaranjiya tana wanke-wanke ƙaramin cokalin shayi ya zurma ramin sinki, don 'yar ragar ƙarfen da ke bakin ramin ta ɓalle tun makon biki. Da farko ruwa yana wucewa, jiya ya koma tafiyar hawainiya, yau kuwa ya tsaya cak, ga wari. Na haska tocila ban hango komai ba. Kun san nan ƙauye ba mu da mai gyaran famfo sai an ɗauko daga Wudil, kuɗin mashin kaɗai ya ninninka kuɗin cokalin. Mene ne abin yi?

Baffa: Wa alaikumus salam. Ai na riga na faɗa maka. Sodar sabulu, a juye a ramin, a bi ta da tafasasshen ruwa buta guda. Babu abin da soda ba ta ci. Rariyar tsakar gidana da ita nake buɗe ta duk bayan Babbar Sallah, shekara da shekaru.

Mai Famfo: Baffa, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni, a nan kam sai na ja. Abin da ke toshe rariyarka bayan layya kitse ne da dattin kayan ciki, wannan kuwa abincin soda ne. Amma cokalin silba ko shekara ya yi a cikinta fes zai fito, ya ma fi da ƙyalli. Ango, durƙusa ka leƙa ƙarƙashin sinkin. Za ka ga bututun ya yi lanƙwasa, ko ka ga wani farin abu mai kama da kwalba a jikinsa. Ba don ado aka sa shi ba. Kullum ruwa na kwance a ciki don ya tare warin sokawe kada ya dawo ɗaki, kuma duk abu mai nauyi da ya faɗa, nan yake zama. Cokalinka yana nan.

Auta: Ni dai da ni ne, karan dawa zan samu mai tsawo in danna shi ya wuce, a huta.

Mai Famfo: Ya wuce ina, Auta? Bututun sinki inci ɗaya da rabi ne. Yanzu cokalin yana inda hannu zai kai. Kana tura shi ya shige wanda aka binne a bango, ya je ya gindaya a gwiwa, to sai guduma da kurfi, a fasa simintin da Ango bai gama biyan bashinsa ba. Irin wannan aikin na yi shi ya fi a ƙirga a cikin birni, kuma kusan kullum wani ne ya riga ni zuwa da sanda.

Baffa: To tsaya in tambaye ka, tunda kai ne gwani. Ranar da cokalin ya faɗa ruwa bai tsaya ba, sai bayan kwana biyu. Ashe ba cokalin ne ya toshe ba kenan. Maiƙo ne da shinkafa da ganyen shayi suka taru a jikinsa. Kai da bakinka ka ce soda na cin maiƙo. In ta cinye maiƙon ruwa ya wuce, ina ruwanmu da cokali? Ya yi ta zama har ya ga jikokin Ango.

Auta: Baffa ya ɗaure ka da jijiyar wuya, Yaya.

Mai Famfo: Wallahi maganar Baffa akwai ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Mai yiwuwa ruwa ya wuce na mako ɗaya ko biyu. Sai dai cokalin ya zama ƙugiya a hanya, duk zaren soso da gashi da ɓawon albasa da ya zo sai ya kama. Kenan kowane wata sai an sayi soda, alhali aikin minti goma ne a kwance a cire.

Malama: Bari in sa baki, Baffa, da izininka. Abin da muke koya wa 'yan aji biyar ne. Soda in ta haɗu da ruwa ita da kanta take haifar da zafi, kwanon da aka jiƙa ta ma sai ya gagari taɓawa. Farin bututun roba na kicin an yi shi ne don ruwan da bai wuce digiri 60 ba, tafasasshen ruwa kuwa digiri 100 ne. Idan hanya a buɗe take, ruwan zafi zai wuce da sauri, ba komai. Amma a toshe, zafin biyu za su kwanta wuri guda, robar ta yi laushi, mahaɗa ta saki. Kuma zuba tafasasshen ruwa kan busasshiyar soda yana sa ta yi tsartuwa sama, daidai fuskar mai zubawa. Rariyarka ta siminti ce, a fili, ga iska. Ba ɗaya ba ne da bututun da ke cikin ɗaki.

Gwaggo: Ku matsa ku ba mai sana'a wuri. Ni da soda tun kafin a haifi Ango nake haɗa sabulu ina kaiwa kasuwar Wudil ranar Juma'a. Yaya, ka manta abin da soda da mai suke zama in sun haɗu? Sabulu suke zama! In ba ruwa mai yawa ya bi ya kore su ba, nan za su daskare a bututun kamar dutse. Na biyu, ba a jiƙa ta a tukunyar dalma, tana cin ta, ta yi ta tafarfasa tana fitar da iska. A roba muke jiƙawa, da muciya ta itace, kuma sodar ake barbaɗawa a ruwa, ba ruwan ake zuba mata ba. Ga tabo nan a bayan hannuna na dama kamar kwabo, ɗigo ɗaya ne ya yi shi. Sannan ni tun tasowata ba a sheƙa ruwan zafi a rariya haka kawai, balle da magariba. Sai an sirka, an yi bisimilla.

Mai Famfo: Yau ni da Gwaggo sahu ɗaya muke, ko da kowa da dalilinsa.

Baffa: Kun taru a kaina kamar na ci bashinku. To in soda ta gaza a zuba ruwan batir, shi ai ƙarfe ma yana ci.

Malama: Innalillahi! Baffa, wannan ya fi na farko haɗari. Kafin ya taɓa cokalin ya gama da fuskar sinkin, shi ma ai silba ne. In kuma ya tarar da soda a ciki, tafasa za su yi su yo waje. In ya haɗu da Hypo, wato bilicin wanki, iska mai guba ce za ta tashi, irin mai shaƙe numfashi. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Mai Famfo: Tsaya. Ango, Baffa ya ce ya riga ya faɗa maka. Yaushe? An zuba wani abu ne?

Ango: Gaskiya jiya da daddare na kira Baffa, amarya ta juye rabin ƙulli. Ruwan zafin ne ba mu zuba ba, gas ya ƙare.

Gwaggo: Ja'iri! Shi ne ka bar mu muna ta zuba tun ɗazu? Hannun yarinyar mutane lafiya dai?

Ango: Lafiya lau, Gwaggo, da leda ta riƙe.

Mai Famfo: To magana ta canza. Ruwan da ke kwance a sinkin nan yanzu ruwan soda ne, kada kowa ya tsoma hannu, yara kuma kada su shiga. Ka samo safar hannu ta roba mai kauri, ka sa tabarau, ko na 'yan acaɓa ne, da riga mai dogon hannu. Buɗe taga. Kwashe ruwan sama da kofin roba ka zuba a bokitin roba, ka ƙara ruwan sanyi a sinkin, ka sake kwashewa, kamar sau uku, don ƙarfinta ya ragu. Sai ka sa baho a ƙarƙashi. Dunƙulen robar da ya ɗaure lanƙwasar da hannu ake murɗa shi, ta hagu, a hankali, ka bari ya tsiyaye kafin ka cire gaba ɗaya. Kada ka kwanta a ƙarƙashinsa kana kallon sama, daga gefe za ka tsuguna. Akwai siririn zoben roba a mahaɗar, ka kula da shi kamar kuɗi, in ya ɓata yoyo za ta yi ta yi.

Malama: In tsautsayi ya sa ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20, ido a buɗe, sannan a wuce asibiti. Ba a ɗiga manja, ba a ɗiga nono.

Auta: Ba za a gwada maganaɗisu ba tukuna? Akwai na tsohuwar sifikar rediyon Baba, a ɗaura a zare.

Mai Famfo: Da tun ranar farko ne, dabara ce mai kyau, ita da lanƙwasasshiyar waya. Amma ka fara gwada shi a jikin 'yan'uwan cokalin, don wata silbar tana kamawa, wata ba ta kamawa. Zinare da azurfa kuwa sam ba ya ɗaukarsu, in wata rana zoben amarya ne ya faɗa. Yanzu dai ya cuɗe da datti, a kwance kawai.

Ango: Jama'a barkanmu da asuba. An kwance. Cokali ya fito, tare da guntun soson ƙarfe, da ƙwallon dabino biyu, da wani farin abu mai santsi da ya daskare a gindin kwalbar, da tsinke na ƙwaƙule shi. Ruwa na gudu yanzu. Sai dai zoben robar ya tsinke, yana ɗiga kaɗan-kaɗan, na sa kwano.

Gwaggo: Farin abun nan shi ne sabulun da na faɗa.

Mai Famfo: Zan sayo maka zoben da sabuwar raga a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, in ba direban garinmu ranar Juma'a. Kada ka naɗe shi da robar tayar keke ka ce an gama.

Baffa: Ni dai abin da na sani, kwana biyu abu ya ƙi motsi, aka zuba soda, washegari ya fito. Kowa ya yi lissafinsa.

Malama: Baffa, ai kwance shi aka yi da hannu!

Baffa: Wa ya sassauta masa?

Auta: To cokalin fa, ya koma bakin aiki?

Gwaggo: Ya koma ko kada ya koma, ranar da na zo kada a kawo mini shayi da shi.