Taƙaitawa: manyan da ke son kammala sakandare a Kanada

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan yadda manya za su kammala sakandare a Kanada, musamman kan 'yan asalin ƙasar, wato First Nations da Inuit da Métis.

1. Bakin kowa ya zo ɗaya: kafin rajista, a karɓo takardar sakamakon tsohuwar makaranta. Da yawa sukan maimaita darasin da suka ci tuntuni don rashinta.

2. A lardin Manitoba, mai shekara 19 zuwa sama yana samun shaidar kammala sakandare ta manya da kiredit 8 (kiredit shi ne abin da ake ƙirga wa ɗalibi in ya ci darasi). Huɗu dole su zama na aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, ciki har da Turanci da lissafi. A lardin Birtish Kolombiya kuwa, daga shekara 18, darussa biyar sun wadatar.

3. GED, jarrabawar da manya ke yi don samun shaidar da ke daidai da ta sakandare, ta ƙare a Kanada a watan Mayun 2024, sabuwar jarrabawa mai suna CAEC ta gaje ta. Fannoni biyar ne: karatu, rubutu, lissafi, kimiyya da ilimin zamantakewa.

4. Nan ne aka rabu. Wasu sun ce jarrabawa ta fi sauri ga mai neman aiki. Wasu suka ce mai son kwas ɗin jinya ko jami'a ya zauna aji, don za a nemi takamaiman darussa na aji 12. A ganina na biyun sun fi hujja.

5. Abin da ke korar ɗalibai ba wuyar karatu ba ce kaɗai. An fi ambaton rashin mai riƙe yara, nisan hanya, da raunin intanet a garuruwan arewa. Shawarar ita ce a fara da darasi ɗaya ko biyu, kuma a tambayi ofishin ilimi na al'umma batun tallafi tun kafin zangon ya fara.