Wata shida a Amboise, wata shida a gida: shawarwari ga Hajiya mai zuwa

Maman Safiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗana yana karatu a birnin Tours na ƙasar Faransa, matarsa kuma ta kusa haihuwa. In Allah ya yarda farkon Yuni zan je in zauna da su. Shi da rana yana makaranta, ni kuwa ba na son in wuni ina kallon bango. An ce akwai dattijonmu a nan da yake zama a wannan yankin. Don Allah ina zan leƙa, me zan kiyaye?

Baban Damagaram: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sauke ta lafiya. Ni ake nufi. Daga Afrilu zuwa Satumba ina Amboise wurin 'yata, ana furta sunan Ambuwaz. Da sanyi ya fara leƙowa sai in koma gida. Bana shekara ta 7 ke nan. Ƙaramin gari ne a bakin kogin Loire, mutanensa wajen 13,000, minti 20 ne daga Tours a jirgin ƙasa.

Kafin maganar yawo, ki fara koyon lokutan mutanen. A ƙananan garuruwa kantuna da yawa suna rufewa da 12 ko 12 da rabi na rana, sai ƙarfe 2 ko 3 su buɗe. Gidajen abinci kuma akasin haka: tsakanin 12 da 2 ake ba da abincin rana, in kin zo da 3 sai a ce an kashe wuta. Lahadi da yamma gari tsit yake, Litinin ma wasu ba sa buɗewa. Wanda ya gane wannan ya huta da rabin wahala.

Sai gaisuwa, wadda mu ba sai an koya mana ba. Duk kantin da kika shiga, duk motar da kika hau, ki fara da bonjur. Wanda ya shiga bai gaisa ba kallon marar tarbiyya ake yi masa, daidai da wanda ya faɗo zaure ba sallama.

Ɗalibi na Tours: Baba ya yi gaskiya. Hajiya, in ƙara da maganar hanya. Daga Paris, jirgin ƙasa mai gudu na TGV yana tashi daga tashar Montparnasse, awa ɗaya ya kai Saint-Pierre-des-Corps, wadda take manne da Tours. Akwai ma wanda yake tasowa daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle kai tsaye, ba sai kin shiga cikin Paris da akwatuna ba. Ɗanki ya sayi tikitin tun da wuri a SNCF Connect, manhajar kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, don kuɗin TGV hawa yake in rana ta matso. Ƙananan jiragen yankin Rémi ake ce musu, su ne za ki riƙa hawa zuwa Amboise da Blois. Kada ki hau ba tikiti, tara ce. Kuma ki sa ya duba miki da safe ko akwai yajin aiki.

Maman Safiya: Na gode ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Baba, a Amboise ɗin me ake gani?

Baban Damagaram: Tashar tana tsallaken kogi, za ki taka gada kamar minti 15 zuwa 20. Tun kina kan gadar za ki hango fadar sarakuna a saman dutse, gari a ƙarƙashinta. Masu yawon buɗe ido suna zuwa ne don Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya. Sarkin Faransa Faransuwa na Ɗaya ya gayyato shi a 1516, ya ba shi gidan Clos Lucé, a nan ya rasu a 1519, kabarinsa yana cikin wata 'yar majami'a a harabar fadar. A lambun gidan an ƙera na'urorin da ya zana a takarda, yara suna taɓawa suna juyawa. Kan hanyar zuwa can ki ɗaga kai, akwai gidajen da aka haƙa cikin farin dutse, har yau da mutane a wasu.

Amma ni abin da yake mayar da ni fadar duk shekara daban ne. A nan aka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya. Shekara 15 yana yaƙi da Faransa, a ƙarshen 1847 ya ajiye makami bisa alkawarin za a bar shi ya tafi ƙasar Musulmi ta gabas. Aka saɓa alkawarin. A 1848 aka kawo shi Amboise da iyalinsa da mabiyansa, suka yi shekara 4 cikin waɗannan ɗakuna na dutse masu sanyi, mutanen da suka saba da rana irin tamu. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu a nan, har da mata da ƙananan yara. Sai a 1852 Luwi Nafoliyon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sake shi. Kuma wannan bawan Allah da aka yi wa haka, shi ne a 1860 a birnin Dimashƙa ya buɗe gidansa ya kare Kiristoci lokacin da ake kashe su.

A can saman lambun fadar akwai wurin da aka keɓe don waɗanda suka rasu, da duwatsu 25 a jere. Yawancin baƙi wucewa suke ba su tsaya ba. Ni nakan tsaya in yi musu addu'a. Ranar farko da na je, hawaye na yi, don ban taɓa zaton zan tarar da kaburburan Musulmi na sama da shekara 170 a bakin wannan kogi ba. Hajiya, in wuri ɗaya kawai za ki iya zuwa, ki zo nan.

Malam Na-Gaya: Allah ya jiƙansu da rahama. Baba, wallahi na yi shekara 3 a Orléans ban san da wannan ba. Ni shawarata Hajiya ta je Chambord. Ita ce babbar fadar yankin, an fara gininta a 1519, tana da matakala biyu da suka naɗe juna, mai hawa da mai sauka ba sa haɗuwa. Gani ya kori ji.

Anti Hadiza ta Blois: Malam, ban yarda ba. Chambord ba ta da tashar jirgin ƙasa, sai an zo Blois a nemi bas ko mota, kuma ɗakunanta manya ne, da yawa ba kaya a ciki, ga tafiyar ƙafa mai yawa. Ga uwa da ta zo jego, fadar Chenonceau ta fi. Daga Tours jirgi yana sauke ki dab da ƙofar. An gina ta a kan kogin Cher, ruwa yana gudu ta ƙarƙashin dogon zaurenta. Wannan zauren asibitin sojoji aka mayar da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A na Biyu kuma kogin ne iyaka tsakanin ɓangaren da Jamusawa suka mamaye da wanda ba su mamaye ba, har mutane suka riƙa tserewa ta cikinsa. Ki je da sassafe Hajiya, a Yuli da Agusta cunkoso ake yi da hantsi.

Malam Na-Gaya: Na sallama miki Anti, maganar mota gaskiya ce. Amma in ɗanta ya samu hutu ya ari mota, kada su bar Chambord.

Maman Safiya: To abinci fa? Shi ne babbar damuwata.

Anti Hadiza ta Blois: Yauwa, nan ne sai an buɗe ido. Abincin da Tours take alfahari da shi, rillettes da rillons, naman alade ne. Kalmomi huɗu masu nuna naman alade ki rubuta a takarda ki sa a jaka: porc, jambon, lardons, saucisson. Lardons ɗin nan ƙananan yanka ne da ake watsawa har cikin salak da wainar ƙwai, ba za ki zata ba. Wasu miyoyin kuma da giya ake dafa su, ki tambaya, ba sa jin haushi. Naman halal akwai mahauta a Tours da Joué-lès-Tours, a kantunan 'yan Afirka kuma za ki samu kuɓewa, doya, manja, har attarugu. Abin da za ki ci hankali kwance: burodinsu, kifi, 'ya'yan itace, da cukun akuya na Sainte-Maure, dogo mai tsinken ciyawa a tsakiyarsa.

Kuma don Allah kada ki sako kilishi ko dambun nama a akwati. An hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai, ƙwacewa ake yi, har tara ana iya ci.

Baban Damagaram: Kasuwar Amboise ranar Juma'a da Lahadi da safe take ci, a bakin kogi. Ta Lahadi ce babba, mutanen ƙauyuka duk suna shigowa. Wajen ƙarfe 1 sun fara naɗe rumfa. Ba a tayi Hajiya, kuɗin da aka rubuta shi ne, kuma ki bari mai kaya ya zaɓar miki da hannunsa. Mai sayar mini da zuma yanzu duk Afrilu shi yake fara tambayata yaya na baro mutanen gida. Zama a ƙaramin gari ke nan, in ka dawo an san ka yi tafiya.

Juma'a ni Tours nake shiga in yi sallah, in haɗa da sayen nama. Ki shirya wa lokutan sallah: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 10 na dare, isha'i tana kai tsakar dare, asuba kuma ta yi sammako. Makon farko barci zai rikice miki, ki riƙa ramawa bayan azahar. Sannan a watannin zafi agogonsu yana gaban na Nijar da Najeriya da awa ɗaya, sai ƙarshen Oktoba a daidaita. Ki tuna da haka in za ki kira gida.

Ɗalibi na Tours: Abu biyu kuma Hajiya. Bizar gajeren zama kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ranar shiga da ranar fita duk a lissafe suke. Kada tikitin komawa ya zarce ko da kwana ɗaya, don yana iya ɓata neman biza na gaba. Lambar gaggawa 112 ce, ta motar asibiti 15, tunda akwai mai ciki a gida ki haddace su. Kantin magani kuwa koren kuros ne alamarsa.

Baban Damagaram: Na manta kogin. Loire ya fi duk kogunan Faransa tsawo, wajen kilomita 1,000, a lokacin zafi sai ya ja baya yashi ya fito kamar gulbin gida da rani. Kada wannan ya ruɗe ku. Yashin yana zaftarewa ƙarƙashin ƙafa, ruwan yana da ja, shi ya sa aka hana wanka. In da yara a tafiyar a riƙe hannunsu. Wurin zama mai daɗi shi ne tsibirin da yake tsakiyar gada, Île d'Or. Daga nan fadar take fi kyau in rana ta yi sanyi. Nan nake kai shayina.

Maman Safiya: Allah ya saka muku da alheri, duk na kwafe a littafi. Baba, in na huta gajiya zan sa yaron ya kawo ni ranar Lahadi, mu ci kasuwa sannan ku kai ni wurin kaburburan nan. Me zan riƙo muku daga gida?

Baban Damagaram: Amin Hajiya. Ku hau jirgin safe, zan tsaya muku a bakin tasha, 'yata za ta yi mana tuwo. Kuka da daddawa kawai ki riƙo, tamu ta kusa ƙarewa. Ki zo da takalmi marar tsini, hawan fadar da tudu, ki kuma sa rigar sanyi a jaka ko da Yuni ne, iskar kogi da safe tana da kaifi.