Altaneta a kan tsohuwar Massey Ferguson 135: ina wayoyin za su shiga?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Taraktar kawuna ce, Massey Ferguson 135, tana aikin huɗa a Ejura, a ƙasar Ghana. Dainamonta na asali ya daina caji, har ta kai kullum da asuba sai an ciro batir daga wata mota kafin ta tashi. Na sayo altanetan Lucas na hannu a Suame Magazin, kasuwar kayan mota ta Kumasi, makaniki ya ƙera masa mazauni, ya zauna daidai da fanbel. Saura wayarin. A bayansa akwai ƙafafu uku, biyu masu faɗi, ɗaya siririya. Yaron da ke tuƙa taraktar ya ja waya mai kauri daga ƙafa ɗaya zuwa batir, muka tayar, mita na nuna volt 12.3, ko motsi ba ta yi. Ya ce altanetan matacce ne, in mayar wa mai shi. Ni kuwa a gabana aka gwada shi a shago, ya yi caji. Sannan tsohon katawut, akwatin da ke daidaita cajin dainamo, yana nan da wayoyinsa, a cire shi ko a bari? Ruwa ya kusa sauka, masu gonaki sun fara kiran kawu, ku taimaka.

Masta Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Yarona, kada ka mayar da shi, lafiyarsa ƙalau. Siririyar ƙafar nan da kuka bari, ita ce maganar gaba ɗaya. Dainamo yana riƙe ɗan maganaɗisu a ƙarfensa, shi ya sa yake ta da kansa. Altaneta irin wannan sai an ɗan ba shi wuta tukuna ya fara ba ka, kamar famfon rijiya da sai ka zuba masa ruwa kafin ya jawo.

Ga yadda nake yi. Ka nemo waya a bayan makulli, wadda ba ta da wuta sai an murɗa makullin. Ka kai ta ƙafa ɗaya ta ƙaramin kwan fitila mai volt 12, wat 2, irin na dashbod. Daga ɗayar ƙafar kwan ka wuce kai tsaye zuwa siririyar ƙafar altaneta. A Lucas ana rubuta IND a wurin, a Bosch kuma D+ ko 61, duk aiki ɗaya ne. Ka kula da gidan kwan: mai waya biyu ake so, wanda bai taɓa bodi ba. In ya taɓa bodi, fitila za ta kama ta ƙi mutuwa, caji kuma babu. Kuma kwan ya zama mai zare na da. Na LED ɗin nan da yara ke so ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce, sai ka ga altaneta ya yi shiru ana ta zarginsa a banza.

Ƙafafu biyu masu faɗin nan a ciki haɗe suke. Waya mai kauri, murabba'in milimita 6 ko sama, ta tashi daga nan zuwa babban ƙusar solinoyid na sitata, inda wayar batir mai alamar + take. Dainamon Lucas na da amfiya 22 yake bayarwa, altaneta kuwa yana iya ninka haka, don haka siririyar wayar da ta tsufa a cikin tarakta za ta yi zafi.

In ka gama, murɗa makulli: fitila ta kama. Tayar da inji ka ɗan ba shi wuta: fitila ta mutu. Ka ɗora mita a kan batir, ka ga tsakanin 13.8 da 14.4.

Ɗan Aboabo:
Allah ya ƙara girma, Masta. Katawut ɗin fa?

Masta Mai Wayarin:
Ba shi da sauran aiki, regileta mai daidaita caji na cikin altanetan. Amma kada ka fizge wayoyin ka zubar. Wadda take kan ƙafar katawut mai alamar A ita ce ke haɗe da batir da makulli, in akwai A1 ka haɗe su wuri guda ka naɗe da kyau, in ba haka ba fitilun gaba da makulli su rasa wuta. Na kan D da F na dainamo ne, ka naɗe bakinsu.

Alhaji na Asawase:
Masta ya gama magana, abu biyu zan ƙara. Kafin ka taɓa komai, duba wane kan batir ne ya sauka a bodi. Tsofaffin taraktocin Ingila da yawa, irin Ferguson da Fordson na farko, + ne a bodi, kuma taraktar da ta wuce hannun mutane da yawa ba ka san abin da aka yi mata ba. Altaneta sai − a bodi. In aka haɗa shi a juye, dayod ɗinsa ƙonewa suke nan take, tun kafin a tayar da inji. Na biyu, ka ja kunnen direban: al'adar nan ta cire kan batir inji na aiki don a ga ko yana caji, ta zamanin dainamo ce. A altaneta tana kashe regileta. Haka in za a yi walda a jikin garma tana haɗe da tarakta, a cire kan batir da wayoyin altaneta tukuna.

Ɗan Aboabo:
Na gode Baba Alhaji. Na kira su kawu yanzu, − ne a bodi, alhamdu lillahi. Gobe zan biya Magazin in sayi kwan da gidansa da waya, in hau motar Mampong in wuce Ejura. Masta, fanbel ɗin yaya zan ɗaure shi?

Masta Mai Wayarin:
Danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya. In ya fi haka zai riƙa zamewa yana ƙara, in ka ɗaure shi tamau zai ci boris ɗin altaneta da na famfon ruwa. Ka tafi da mitarka, in ka auna ka rubuto mana lambar da ta nuna.