Adon bakin taga ko tayil, wanne ake fara yi?

Abu Hanif: Salamu alaikum. An gama filastar gidana a Zariya, ina so a manna tayil a bangon gaba. Mai tayil ya ce shi zai fara, daga baya a zagaye tagogi da adon siminti. Birkila ya ce sam, sai ya gama nasa. Taga 6 ne, ƙofa 2. Wa zan bi?

Maman Ilham: Yaya, ka yi fenti kawai ka huta.

Baba Sule: Ɗana, ni na ga ta kaina. Tayil aka fara mannawa, aka ɗora adon a kansa, ashe siminti ba ya kama santsin tayil. Da ruwan Agusta ya sauka, sai ya bi ta tsagar ya ɓullo bayan labule. Fenti ya kumbura, katifar yara ta yi funfuna. Rannan guntun adon ya ɓallo, saura ƙiris ya sami jikata tana wasa a ƙasan taga. Na kira mai aikin, wai ruwan bana ne ya yi yawa.

Injiniya Bashir: Allah ya tsare gaba, Baba. A kafa firam ɗin taga, a yi adon, sannan a yanko tayil ya zo ya tsaya a jikinsa. Dandamalin taga a ɗan karkata shi waje, a tsaga siririn layi a ƙarƙashinsa don ruwa ya ɗiga ƙasa, kada ya bi bango. Mahaɗar tayil da adon kuma a cike ta da silikon, wato ɗankon da ake toshe tsaga da shi don hana ruwa shiga.

Garba Birkila: Injiniya, shekarata 20 ina riƙe da cokali ban taɓa sa silikon ba. Kwaɓi mai kyau ya isa. Dubu 15 nake yin taga ɗaya.

Maman Ilham: Dubu 15? Mu dubu 8 aka yi mana.

Garba Birkila: Hajiya, siminti nawa ne a lokacin?

Ɗan Kano: Bazazzagi da tayil! Ka kawo gidan Kano mu nuna maka yadda ake yi.

Abu Hanif: Bakano, bari mu gama da manya tukuna. Injiniya, ai tagogin ma ba su iso ba.

Baba Sule: Ka ba mai haɗa tagogin alminiyon kuɗin duka ne?

Abu Hanif: Rabi. Wata 2 ke nan.

Maman Ilham: Namu sai da maigida ya kwana uku yana zarya shagonsa, da ya kawo kuma biyu ba su shiga ramin ba.